Akwatin Yashin Yaya Shitu

Yayana Shitu ya yi shekara talatin da ɗaya yana soja, bai taɓa harbin ko ƙadangare ba. Ni ƙanwarsa ce, Zulai, mai rumfar atamfa a kasuwar Sankaryare, kuma tun muna yara tsokanarsa ce sana'ata ta farko, don haka kada wani ya ce na zo rage masa daraja. Ajidan ne, wato ya wuce saje amma bai kai hafsa ba. Yana da kaki uku waɗanda matarsa Hadizatu ke gogewa har su yi kaifi, yana da tumbi daidai misali, yana da tsohon babur wanda duk Zongo an san tarinsa tun daga bakin titi. Labarin yaƙi ne kawai ba shi da shi. In 'yan unguwa suka matsa masa ya ba su, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ni kalkil nake yi." Lissafi ke nan da bakinmu na nan Wagadugu.

Sai da na girma sosai na gane irin lissafin. Ashe kafin a tura soja ko'ina, ko da atisaye ne a dajin da babu kowa sai zabi, akwai ofishin da ake zama a yi tambayoyi. Mutum nawa za a kai? A ina za su tsaya? In aka far musu, awa nawa za su jure kafin taimako ya iso, kuma nawa za a rasa? Manya ne ke yanke magana, amma kafin su yanke sai an kawo musu takarda mai lambobi, kuma shekara ashirin da wani abu Yaya ne ke cika wannan takarda da fensir.

Ba daga sama ya samo kan ba. Kakanninmu fataken goro ne, hanyar Gwanja ce ta biyo da su ta nan suka zauna, mahaifinmu Alhaji Tanimu ma a cikin goro ya tsufa. Shi goro tun ranar da aka ɗaure huhunsa a Kumasi yake fara raguwa. Wani ya bushe, wani tsutsa ta ci, wanda ya ruɓe ya shafa wa na kusa da shi. Baba da ido yake kimanta abin da zai iso lafiya. Yaya kuwa tun yana lakwal, wato makarantar boko, ya buɗe wani littafi yana rubuta kwana nawa mota ta yi a hanya, sau nawa aka yayyafa wa ganye ruwa, goro nawa aka zubar. Bayan damina biyu sai ya zama kafin a kwance huhu ya faɗi abin da za a tarar, in ya kuskure ma da kaɗan ne. Baba ya so ya gaje shi. Shi kuma ya bi abokansa ya shiga soja, Baba ya yi wata uku yana amsa gaisuwarsa a ciki. A bariki ba su daɗe ba suka gane cewa hannunsa ya fi kyau da fensir, suka tura shi kwas, suka ajiye shi a ofis. Na taɓa ce masa, "To, ka gudu daga ƙirga ruɓaɓɓen goro ka koma ƙirga gawar soja." Bai yi dariya ba. Ni ma na ji kunya, ban sake ba.

A ofishin nasu akwai wani babban tebur cike da yashi. A kansa suke gina tudu da kwari da hanya, su jera 'yan katakai a matsayin mutane, su riƙa matsawa suna muhawara. Yaya ya ce a can surutu ya yi yawa, ba ya samun tunani. Sai a shekarar 2003 ya sa wani kafinta a unguwar Wemtenga ya yi masa ƙarami kamar faɗin tabarma, ya ɗebo yashi buhu biyu daga bakin dam ɗin Tanghin, ya tankaɗe shi da rariyar Hadizatu, abin da har yau ba ta yafe masa ba. Ya ajiye akwatin a gindin mangwaron tsakar gida. Ba ya kawo takardun aiki gida, tudu da kwari kawai yake ginawa na ƙasar da ba ta da suna. Da yake ba shi da 'yan katakan ofis, sai ya riƙa amfani da abin da gidanmu bai taɓa rasawa ba: jan goro ɓangare ɗaya, farin goro ɗaya ɓangaren.

To ku dubi wannan abu da idon mutanen Zongo. Ga dattijo bayan la'asar ya tsuguna gaban yashi mai laushi, ya shafe shi da tafin hannu, ya ja layi, ya ɗiɗɗiga da yatsa, leɓensa na motsi, ya goge ya sake. Ga goro ja da fari a jere. Wani lokaci kuma sai ga motar soja ta tsaya a ƙofar gida, hafsa ya sauko da galoli a kafaɗa, ya durƙusa kusa da shi yana sauraro yana gyaɗa kai. Mu da muka tashi muna ganin masu bugun ƙasa, me za mu ce? Kafin wata biyu magana ta zaga unguwa cewa Ajidan Shitu duba yake yi, kuma dubansa ya yi ƙarfin da har gwamnati ke turo manyanta.

Indabo ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Maƙwabciyarsu ce, mutuniyar Ƙonni, mijinta Illiya direban babbar mota ne. Ta shigo wata Litinin da goro a rufe cikin ƙwarya, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam Shitu, don Allah a duba mini. Maigidan ya tai Lome yau kwana sha biyu, ban ji komi ba. Yaushe za shi komo?"

Shi Yaya in hankalinsa yana kan lissafi, duk tambayar da ka jefa masa lissafi yake ɗaukarta. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Me ya ɗauko?"

"Siminti, in ji wanda ya baro shi. Ran Asabar anka gama lodi."

"Tsohuwar motar nan tasa?"

"Ita."

Ya ja layi a yashi, ya sa ɗigo a tsaunukan arewacin Togo inda mota mai nauyi ke rarrafe, ya sa wani a Sinkase inda ake kwana biyu a bakin iyaka ana jiran takardu. Ya ce, "Alhamis, bayan azahar, in taya ba ta fashe ba." Ranar Alhamis ana kiran la'asar motar Illiya ta shigo unguwa tana huci. Shi ke nan. Washegari mata bakwai ne a zaure, wata akuyarta ta ɓata, wata tana son sanin abin da ke cikin surukarta, namiji ne ko mace. Yaya ya fito ya rantse musu da Allah bai san gaibu ba, suka ce ai duk na gaskiya haka suke cewa.

Da abin ya kai kunnen Liman Ishaku, sai ya tako da kansa. Dattijo ne mai sanyin murya, amma ba ya wasa da maganar duba. Ina gidan ranar, na je karɓar tukunyata. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo zomkom, ruwan geron nan mai citta. Bai sha ba sai da ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Shitu, ɗan Alhaji Tanimu ne kai, a sahun gaba kake salla. Mene ne wannan nake ji?"

Yaya bai yi dogon bayani ba. Ya shafe yashin, ya jera jan goro biyar, ya jera fari uku suna fuskantarsu.

"Allah gafarta Malam, waɗannan sojoji ne. Bindigarsu iri ɗaya, gwanintarsu ɗaya, fili ne kowa na ganin kowa. In suka yi ta harbin juna har farare suka ƙare, ja nawa za su rage?"

"Biyu mana."

"Huɗu."

Liman ya gyara zama.

Yaya ya ce, "Bindiga biyar ce ke zuba a kan mutum uku, su kuma bindiga uku ce ke rarrabuwa a kan mutum biyar. Da fari ɗaya ya faɗi, wutarsu ta ragu, ta ja kuwa tana nan. Saboda haka ba a ɗebe uku daga biyar. Biyar sau biyar, ashirin da biyar. Uku sau uku, tara. A ɗebe, saura sha shida, wato huɗu sau huɗu."

Sannan ya ƙara fari huɗu suka zama bakwai. Ya ce in bakwai ɗin nan suna wuri ɗaya, ja biyar ba su da ta cewa, za a gama da su farare kusan biyar na tsaye. Sai ya raba su, uku a nan, huɗu can bayan wani tudu. Ya tura ja biyar kan ukun, suka cinye su suka rage huɗu. Ya tura huɗun kan huɗun, kowa ya ƙare. "Kun gani, Malam? Biyar sun share bakwai, ba don sun fi su jarunta ba, don sun same su a rabe ne. Wannan shi ne bakin ƙofar aikin. Daga nan sai a ƙara tudu, a ƙara rami, a ƙara ƙishirwa da zazzaɓi da lalacewar mota. Kuma duk da haka ba ya faɗin abin da zai faru. Abin da ya fi yawan faruwa yake faɗi, in da za a maimaita abin sau ɗari."

Liman Ishaku shi ke raba gado a unguwar, mutum ne da ke jin daɗin lamba. Ya sa aka maimaita masa sau biyu, ya gwada da goma da shida da kansa ya samu takwas, ya yi murmushi kamar an ba shi kyautar riga. Ya shanye zomkom ɗinsa, ya ɗauki ɗaya daga cikin jajayen sojojin ya ɓare ya jefa a baki. Ranar Juma'a ya gaya wa jama'a cewa abin da Shitu ke yi hisabi ne, halal ne, a bar bawan Allah ya huta. Mata suka ji, suka ce to ga shi har Liman ma yana zuwa wurinsa.

Ni kuwa na fi kowa dariya. A kasuwa nakan kwaikwayi durƙuson Indabo har maƙwabtan rumfata Mosawa su riƙe ciki. Shekara huɗu ina wannan shagali. Rayuwa tana tafiya daidai, atamfa na fita, Yaya na tari da baburinsa safe da yamma, ranar Lahadi mu haɗu a gindin mangwaro mu ci shinkafa da wake.

Sai shekarar 2007 ta zo.

Ina da ɗa, Issa. Shi ne na fari, don haka a al'adarmu ba na kiran sunansa, ba na nuna damuwa da shi a gaban mutane. "Wannan" nake cewa, ko "Soja", tunda shi ma kakin ya sa, ya bi sawun kawunsa. A nan dai na faɗi sunan don ku san wanda nake nufi. Lokacin shekararsa ashirin da shida, kaporal ne, wato kofur, direban motar ɗaukar sojoji. Wata ranar Talata ya zo rumfa da rana tsaka, ya zauna a kan bandir ɗin atamfa, abin da ya san na hana.

"Mma, an sa sunana a misiyon. Kompaninmu duka, mutum ɗari da ashirin. Shekara ɗaya."

Aikin kiyaye zaman lafiya ne a wata ƙasa can gabas, bayan Nijar, inda 'yan bindiga ke tare hanya suna ƙona ƙauyuka. Na ce, "To, Allah ya tsare," na ci gaba da ninke zane. Ya ce, "Mma, ça va aller, laafi bala, ba komai." Na ce ya tashi mini daga kan kaya. Da ya tafi sai na ga zanen da nake ninkewa na ninke shi a bai-bai. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar haihuwarsa.

Na san ofishin su Yaya ne ke tsara tafiyar. Mako uku ina dannewa. Ranar da na kasa, na sayi farin goro mai kyau, na zuba a ƙwarya, na rufe da faifai, na bi ta bayan layi don kada Indabo ta gan ni. Na tarar da shi a tsugune gaban akwatin, Hadizatu na tankaɗe a ƙofar madafa. Na durƙusa nesa kaɗan, daidai inda nake kwaikwaya a kasuwa.

Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni. "Zulai, har da ke?"

"Har da ni. A duba mini."

"Ke da kika fi kowa sanin ba duba ba ne."

"Na sani. Ko mene ne, a yi mini shi. Zai dawo?"

Ya kakkaɓe hannunsa a hankali. "Yashin nan bai san sunan kowa ba. Cikin ɗari kaza yake cewa. Ba ya cewa wane."

"To faɗa mini kazan."

"Ba zan faɗa ba."

"To cire shi daga takardar. Kai ne a biro ɗin, ofishinku ke rubuta ta."

"Ba hannuna ba ne. Ko da hannuna ne, in na cire shi ɗan wa zan sa?"

Nan raina ya ɓaci. Na ce Indabo da ba ta haɗa komai da shi ba ya ba ta rana har da lokaci, ni da muka sha nono ɗaya ya hana ni. Ya ce mota da hanya daban, wannan daban. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Issa nake tambayarka, Yaya. Issa."

Hadizatu ta saki rariya. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakina. Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji," ya ci gaba da shafe yashinsa. Na ɗauki ƙwaryata. Na ce masa ya daɗe yana ƙirga mutane har sun koma masa goro, ba shi da zuciya a ƙirji sai fensir. Na fita ban yi sallama ba, kuma kwana arba'in ban taka gidan ba.

Abin da ya yi a kwana arba'in ɗin nan daga baya na ji shi, wani daga Hadizatu, wani daga Illiya. Tsarin farko shi ne a raba kompanin gida uku, arba'in-arba'in, kowane rukuni ya tsare gari guda. Wani matashin kaftin da ya dawo daga karatu ya sa lambobin a ordinater, wato kwamfuta, na'urar ta ce babu laifi, in an taɓa rukuni ɗaya sauran za su iso cikin awa ɗaya da rabi. Ita na'urar daga taswira ta ɗauki hanyar, a taswira kuwa jan layi ne mai kauri kamar titin zuwa Bobo. Yaya bai yarda da jan layin ba. Sai ya riƙa tashi daga aiki ya cire kaki ya sa jallabiya, ya tafi inda direbobin Nijar ke ajiye manyan motocinsu, ya zauna a benci ana shayi. Illiya ya haɗa shi da waɗanda suka taɓa kai albasa da dabino wannan ƙasa. Bai gaya musu dalili ba, hira kawai yake ja. Da ya ambaci hanyar suka fashe da dariya. Wani ya ce da rani awa uku ce in Allah ya so ka. Wani ya ce da damina akwai ƙorama biyu, in sun kawo sai ka sauka ka dafa abinci ka jira. Ya tambayi mutum goma sha ɗaya, kowa daban, yana rubutawa a bayan kwalin shayi.

Ya kai wa kaftin ɗin kwalin. Shi kuma yaron kirki ne, bai yi girman kai ba, ya sa sababbin lambobin, na'urar ta juya ta goyi bayan Yaya: mutum arba'in za su ƙare kafin taimako ya haye ƙorama ta farko. Ranar da aka zauna gaban kanal, ajidan ba ya magana sai an tambaye shi, amma Yaya ya miƙe ya nemi izini, ya yi bayani a kan teburin yashi gumi na bin wuyansa. Aka yi ta ja har mako biyu. A ƙarshe aka mai da su gida biyu, sittin-sittin, a gefe ɗaya na ƙoramar, tafiyar rabin awa tsakaninsu, aka ƙara motar ruwa da ta asibiti. Hadizatu ta zo har rumfa ta ba ni labarin gida biyun, ta ce mini mijinta ba ya cin abinci. Na ce ni ba gida biyu na tambaye shi ba, ɗana na tambaya.

Ranar tafiya na ga Yaya a bariki. Ya kama hannun Issa ya ce masa ya riƙa duba iskar taya kowace safiya, kuma kada ya tsallake ƙwayar zazzaɓi ko sau ɗaya. Iyakar nasihar ke nan. Na ce a raina, ji mutum.

Fushi da ɗan'uwa ba ya daɗewa a gidanmu, abinci ke kashe shi. Da ƙaramar salla na aika masa da dambun nama, ya aiko mini da zabi biyu, Lahadi ta gaba na koma gindin mangwaro kamar ba a yi ba. Ba mu sake ta da maganar ba. Issa yana bugo waya duk Juma'a ta biyu, kukansa ɗaya ne, zaman banza da taliyar gwangwani. Ya ce sau biyu suka hango mutane a kan tudu da motoci, suka tsaya suka kalle su, suka juya. Hankalina ya fara kwanciya har na koma kwaikwayon mutane a kasuwa, ban da Indabo. Abu ɗaya na lura da shi, tumbin Yaya yana zubewa. Kakin da ke matse shi ya koma yana yawo a jikinsa. Na riƙa tsokanar Hadizatu cewa ta mai da miyarta ruwa, ita kuma ta ce in zo in dafa masa in gani.

Suka dawo a watan Nuwamba na 2008, da hantsi. An kafa wa iyalai rumfa a filin bariki, mata sun sha kwalliya, ni ma na ɗinka sabon zane daga cikin mafi tsadar kayana. Yaya na tsaye kusa da ni cikin kaki, saura wata huɗu ya yi ritaya. Muna jiran motocin da za su kwaso su daga filin jirgi, na ce bari in taɓa shi.

"Ka gani, Yaya? Duk kalkil ɗinka da ramewarka, ko harsashi ɗaya ba a harba ba."

Ya ce, "Su ma can sun iya ƙirga. Sun leƙo sun ga sittin a nan, sittin ga su can kusa, suka wuce." Sai ya ƙara da cewa, "Bari dai su sauko tukuna."

Motoci shida suka shigo a jere. Aka fara guɗa, wasu matan suka keta igiya, sojan da ke tsaro ya rasa wadda zai tare. Na hango Issa ya diro daga mota ta biyu, ya yi baƙi ya rame, yana dariya da duk haƙoransa. Na juya in nuna wa Yaya, sai na ga ba shi yake kallo ba. Idonsa na kan ƙofar mota, leɓensa na motsi, duk wanda ya sauko sai ya lanƙwasa yatsa. An riga an gaya masa a ofis cewa kowa lafiya, amma bai fasa ba. Mota ta uku, ta huɗu, ta biyar. Daga ta shida aka sauko da wani mai sanda a hammata, wanda ya karye a wajen ƙwallo. Bayansa mutum ɗaya ya sauko da jaka biyu, sai direba ya rufe ƙofa.

"Ɗari da ashirin," in ji Yaya.

Sai kawai ya zauna a ƙasa, a cikin ƙurar filin, da kakinsa mai guga, gaban hafsoshi da kowa. Na tsorata, na ɗauka jiri ne. Na sunkuya na ga hawaye na bin kumatunsa, ni da ban ga kukansa ba ko ranar da muka binne Baba.

"Yaya, lafiya?"

"Kin ce in faɗa miki kazan," ya ce. "Takardar farko mutum sha bakwai ta ce za a rasa. Na yi ta ja, na yi ta ja, na sauko da ita biyu da rabi. Kwana arba'in ina nema, ta ƙi sauka ƙasa da haka. Da ita suka tafi."

Na ce, "Wane irin rabi kuma? Ana rabin mutum?"

"Haka takarda ke fita in an haɗa an raba. Biyun ban san fuskarsu ba. Rabin nan ne ya hana ni cin abinci, Zulai. Kullum na dube shi sai in ga ɗanki."

Shekara guda ina kwana da tsoron da ba shi da lamba, shi yana yawo da lambar a aljihu, ya hana ni don kada in taya shi ɗauka, ni kuma na ce masa ba shi da zuciya. Kunya da tausayinsa suka rufe ni lokaci ɗaya.

Na ce, "Tashi, kana ɓata kakinka, Hadizatu za ta kashe mu."

Bai tashi ba. Sai na tattara sabon zanena na zauna kusa da shi a cikin ƙurar, kafaɗata na taɓa tasa, muka jira Issa ya ratso mutane ya zo ya same mu.